Harsashin roba, barkonon tsohuwa da bindigar lantarki: shin ba sa kisa, kuma yaushe doka ta yarda a harbi mutum?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ana cewa harsashin roba da barkonon tsohuwa da bindigar nan mai jan mutum da lantarki ba sa kisa, amma ga shi muna jin labarin waɗanda suka mutu ko suka makance ta dalilinsu. Mene ne gaskiyar lamarin? Sannan a wane hali ne doka ta yarda jami'in tsaro ya yi amfani da ƙarfin da zai iya kashe mutum?"

Malam, a baki tambayoyinka biyu ne, amma a wurin wanda ya san wannan fanni tushensu ɗaya, domin ba sunan makami ne ke raba ƙarfin da ke kisa da wanda ba ya kisa ba, yadda aka yi amfani da shi ne, da inda ya sauka a jiki, da kuma wanda ya sauka a kansa. A da ana kiran waɗannan kayan aiki "makamai marasa kisa", amma masana sun daɗe da watsar da wannan suna, har ma jagorar da Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ta kira su makamai masu ƙarancin kisa. Wannan sauyin suna ba wasa da kalmomi ba ne. Jami'in da aka koya masa cewa abin da ke hannunsa ba ya kisa zai yi saurin ɗana shi, ba zai damu da saiti ba, kuma idan mutum ya faɗi ba zai yi gaggawar nemo masa likita ba.

Mu fara da harsashin roba, tunda shi ka fara ambata. Matsalarsa a cikin ƙirarsa take. Ana so ya yi zafin da zai tsayar da ƙato daga nesa, saboda haka dole ya fita daga bakin bindiga da ƙarfi mai yawa, wanda ke nufin cewa a kusa ƙarfin nan ya isa ya fasa ƙoƙon kai ko ya ɓurma ido. Idan kuma aka ja baya domin a rage ƙarfin, sai saiti ya lalace, saboda harsashin ƙato ne, ba ya tafiya a miƙe kamar harsashi mai rai, sai a nufi cinyar wani ya sauka a fuskar wani dabam. Ke nan tazarar da zai kasance ba shi da haɗari kuma yana da saiti ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma a tsakiyar tarzoma, inda kowa ke gudu, babu mai auna mita. Wani nazari da Dakta Rohini Haar da abokan aikinta suka wallafa a mujallar likitanci ta BMJ Open a 2017 ya tattara bayanan mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata tsakanin 1990 da 2017. A cikinsu 53 sun mutu, 300 kuma sun sami nakasa ta dindindin, galibinsu ta hanyar rasa ido, kuma kusan rabin mace-macen daga harbin kai da wuya suka samo asali.

Sojojin Birtaniya ne suka fara amfani da harsashin roba a Ireland ta Arewa a 1970, daga baya aka maye gurbinsa da na filastik, kuma a tsawon rikicin da aka yi a yankin mutum 17 ne suka mutu ta dalilin harsasan biyu, kusan rabinsu yara. Da farko umarnin shi ne a harba a ƙasa domin ya yi tsalle ya bugi ƙafafu, sai dai harsashin da ya daki ƙasa babu wanda ya san inda zai nufa, shi ya sa jagorar 2020 ta ce wannan salo yana da haɗarin da ba za a lamunta ba. Kalmar "roba" ma kanta takan zama yaudara. Lokacin zanga-zangar Chile ta 2019, inda fiye da mutum 400 suka ji rauni a ido, masu bincike na Jami'ar Chile sun gwada ƙwayoyin da 'yan sanda ke harbawa, suka tarar kashi 20 cikin 100 ne kawai roba, sauran ma'adinai ne masu tauri har da dalma. A yankin Kashmir kuwa bindigar farauta mai watsa ɗaruruwan ƙwayoyin ƙarfe aka riƙa harba wa jama'a, musamman a 2016, ta lalata idanun ɗaruruwan mutane. A ganina wannan bai ma cancanci shiga sahun makamai masu ƙarancin kisa ba, domin makamin da ke watsuwa ba ya bambance mai jifa da mai wucewa, kuma jagorar ta faɗa ƙarara cewa kada a taɓa amfani da ƙwayoyin ƙarfe.

Barkonon tsohuwa shi ne wanda mutane suka fi rainawa, wataƙila don da yawa sun shaƙe shi sun tsira da hawaye da tari kawai. Sinadarin da aka fi amfani da shi ana kiransa CS, daga harufan farko na sunayen Amurkawa biyu, Corson da Stoughton, da suka haɗa shi a 1928, kuma a haƙiƙa gari ne mai laushi da ake watsawa cikin iska. Abin mamaki shi ne yarjejeniyar hana makamai masu guba ta 1993 ta haramta amfani da shi a fagen yaƙi, amma ta bar ƙofa a buɗe ga 'yan sanda a cikin gida. An ƙirƙire shi ne domin ya sa mutum ya bar wuri, saboda haka duk amfaninsa ya rataya ne a kan samuwar hanyar fita. Idan babu ita, ya zama wani abu dabam. A Masar, a watan Agustan 2013, fursunoni 37 sun mutu a cikin motar 'yan sanda a gaban gidan yarin Abu Za'abal bayan an harba musu shi alhali ƙofa na kulle. A filin wasa na Kanjuruhan da ke Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, an harba shi cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga zuwa ƙofofi masu ƙunci, mutum 135 suka rasu, mafi yawansu ta hanyar turmutsutsu da rashin numfashi. Kusan irin haka ta faru a filin wasa na Accra a watan Mayun 2001, inda fiye da mutum 120 suka mutu. Ko a fili ma, mai ciwon asma da jariri da tsoho ba su da juriyar da saurayi mai lafiya yake da ita.

Akwai kuma haɗari na biyu da ba ruwansa da hayaƙin, wato gwangwanin da ke ɗauke da shi. Ƙarfe ne mai nauyi da zafi da ake cillawa daga bindiga, kuma ƙa'ida ita ce a harba shi sama ya sauka a gefen taro. Idan aka miƙe bindigar aka nufi mutum, to harsashi ne babba. A zanga-zangar Iraƙi ta 2019 ƙungiyar Amnesty International ta tabbatar da mutuwar gomman mutane da gurnetin hayaƙi irin na soja, wanda ya ninka na 'yan sanda nauyi sau da yawa, ya huda musu kai.

Bindigar lantarki, wadda aka fi sani da sunan Taser, tana cilla allurai biyu masu haɗe da waya, su maƙale a jiki ko tufafi, sai lantarkin ya ƙwace ikon tsokoki na kimanin daƙiƙa 5 a kowane jan kunama. Zan yi mata adalci: idan mutum yana riƙe da wuƙa a ɗan nesa, ta sha ceton ran da da bindiga za ta ɗauka. Amma mutumin da jikinsa ya sandare yana faɗuwa ne kamar an sare itace, ba ya iya tare ƙasa da hannu, saboda haka kai ne ke fara isa. Haka ta faru da Clare Nowland, tsohuwa 'yar shekara 95 a gidan kula da tsofaffi a Ostireliya, wadda ɗan sanda ya harba wa ita a watan Mayun 2023 tana tafe da abin dogarawa da wuƙar cin abinci a hannu. Ta faɗi, kanta ya fashe, ta rasu bayan mako guda, kuma kotu ta sami ɗan sandan da laifin kisa ba da niyya ba. Sannan akwai batun zuciya. Likitan zuciya Douglas Zipes ya wallafa a 2012 bayanin mutum takwas da zuciyarsu ta tsaya bayan allurar ta sauka a ƙirji, kuma tun 2009 kamfanin da ke ƙera ta ya shawarci jami'ai su guji ƙirji. Binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2017 ya ƙidaya fiye da mutum 1,000 da suka mutu a Amurka bayan an yi amfani da ita a kansu, kuma a 153 daga ciki rahoton binciken gawa ya ambace ta a matsayin sanadi ko abin da ya taimaka. Haɗarin yana ƙaruwa idan aka maimaita jan, ko aka tsawaita shi, ko mutumin yana cikin maye ko ruɗewar tabin hankali, ko an danne shi a ƙasa daga baya. Har ma an sami jami'an da suka ce sun zaro bindigar gaske a zaton ta lantarki ce, kamar yadda aka yi a kisan Daunte Wright a jihar Minnesota a 2021.

Amma haɗarin da ya fi damuna ba ya cikin jikin makamin. An kawo waɗannan kayan ne da hujjar su maye gurbin bindiga, sai ga shi a aikace sun fi maye gurbin magana da haƙuri. Mutumin da a da za a tsaya a lallashe shi na minti goma, yanzu ana jan sa da lantarki cikin daƙiƙa goma saboda ya ƙi miƙa hannu a sa masa ankwa. Bai kamata kuma a manta cewa kulki a ka, ko gwiwa a wuya, ba sa buƙatar wata fasaha kafin su kashe ba. George Floyd ya mutu ranar 25 ga Mayun 2020 ba tare da an harba komai ba, bayan wani ɗan sanda a Amurka ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti 9.

Wannan ya kawo mu ga rabi na biyu na tambayarka. Ma'aunin da duniya ta fi dogara da shi shi ne ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kyuba a 1990. Ƙa'ida ta 9 ce zuciyar al'amarin. Ta ce jami'i ba zai harbi mutum ba sai don kare kansa ko wani daga barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko don hana wani babban laifi da ke barazana ga rai, ko don kama mutumin da ke da irin wannan haɗari kuma yake turjiya ko yake neman tserewa, wannan ma sai idan hanyoyin da ba su kai haka tsanani ba sun gaza. Ta kuma ƙara da cewa harbi da nufin kashewa ba ya halatta sai idan babu makawa domin ceton rai. A taƙaice, rai ne kawai ake ɗorawa a ɗaya gefen sikeli idan za a ɗauki rai. Dukiya ba ta kai ba, ƙin bin umarni bai kai ba, zagin jami'i bai kai ba, kare martabar hukuma ma bai kai ba. Wanda ya karanta fiƙihu zai ga kamanceceniya da babin tunkuɗe mai farmaki, inda malamai suka ce a fara da mafi sauƙi sannan wanda ke bi masa, kuma idan tsawa ta isa ba a kai ga sanda, idan sanda ta isa ba a kai ga takobi.

Kalmar da ake yawan tsallakewa ita ce "gab da aukuwa". Ana maganar daƙiƙoƙi ne, ba sa'o'i ba. Mutumin da ya ɗaga bindiga yana nufar wani, ko ya taso da adda a tazarar taku kaɗan, ya cika wannan sharaɗi. Wanda ake zargin ya yi kisa jiya, amma yau yana zaune hannu wofi, bai cika ba, kome munin abin da ake zarginsa da shi, domin harbin jami'i ba hukunci ba ne, hukunci aikin kotu ne. Haka nan barazanar tana iya gushewa a cikin ƙiftawar ido: harsashin farko yana iya zama halal, na biyar kuma, bayan mutum ya faɗi makami ya suɓuce masa, ya zama kisan kai.

Gudu shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma nan ne dokokin ƙasashe da yawa, musamman waɗanda aka gada daga zamanin mulkin mallaka, suka saɓa wa ma'aunin duniya. A birnin Memphis na Amurka, a 1974, wani ɗan sanda ya harbi Edward Garner, yaro ɗan shekara 15, a ƙeya yana ƙoƙarin haura shinge bayan an yi ƙarar fasa gida. Abin da aka samu a jikinsa dala 10 ne da jakar hannu, kuma ɗan sandan da kansa ya ce ya kyautata zaton yaron ba ya ɗauke da makami. Dokar jihar ta ba shi dama a lokacin, amma a 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a harbin mai gudu sai da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa yana barazanar kisa ko mummunan rauni ga jami'in ko wasu. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta faɗi makamancin haka a 2005 a shari'ar Nachova da ƙasar Bulgeriya, inda ta nuna cewa idan mutum ba shi da haɗari ga rai, to ba a harbinsa ko da hakan na nufin zai tsere.

Mutane kan ce, me ya sa ba a harbe shi a ƙafa ba? Amsar ita ce a idon doka duk harbi da harsashi mai rai ƙarfi ne mai iya kisa, ko ina aka nufa. A cinya akwai babbar jijiyar jini wadda idan ta tsinke mutum kan iya mutuwa cikin mintuna kaɗan, sannan ƙafar mai gudu wuya gare ta a saita, harsashin da ya kuskure kuma yana ci gaba da tafiya har ya sami wani. Saboda haka harbin ƙafa ba wata tsaka-tsakiyar hanya ba ce da za a bi idan sharuɗɗan ƙa'ida ta 9 ba su cika ba. Harbin iska ma haka, domin abin da ya hau sama dole ya sauko. A ɗaya ɓangaren kuma, ba daidai ba ne a raina wuƙa. Wani jami'i a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mutum na iya cinye tazarar ƙafa 21, wato kimanin mita 6 da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Sai dai an karkatar da wannan darasi, wasu suka mai da shi lasisin harbin duk mai wuƙa da ke cikin wannan tazara, alhali abin da ya kamata a koya daga ciki shi ne a ja baya, a sami abin kariya a tsakani, a sayi lokaci.

Idan jami'i ya yi kuskure fa, ya zaci waya bindiga ce? Kotuna ba sa auna shi da abin da aka gano daga baya cikin kwanciyar hankali. Suna duba abin da ya yi imani da shi da gaske a wannan lokaci, da kuma ko akwai dalilin da zai sa ya yi imanin. Wannan sassauci yana da muhallinsa, amma yana da ɗaci, kamar yadda aka gani a kisan Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai gyaran lantarki da 'yan sandan Landan suka harbe a jirgin ƙasa ranar 22 ga Yulin 2005 a zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, kuma babu jami'i ko ɗaya da aka gurfanar da shi a kan kisan. Shi ya sa shari'ar McCann ta 1995 take da muhimmanci a wurina. Sojojin Birtaniya sun harbe 'yan ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, su uku a Jibiralta a 1988, bisa bayanin cewa za su tayar da bam daga nesa, sai aka tarar ba su da makami, motar da suka ajiye kuma babu bam a cikinta. Kotun Turai ba ta ɗora laifin a kan sojojin da suka ja kunama ba, amma da rinjayen alƙalai 10 a kan 9 ta ce ƙasar ta keta haƙƙin rayuwa, saboda waɗanda suka tsara aikin sun bar mutanen sun shigo ba tare da an kama su a kan iyaka ba, sun kuma miƙa wa sojojin zato a matsayin tabbas. Ma'ana, ba daƙiƙar harbin kaɗai ake tuhuma ba, har da duk shawarar da ta kai al'amari ga wannan daƙiƙa.

Game da taron jama'a, ƙa'idojin ba su bar wata kafa ba. Ba a harbi cikin taro domin a tarwatsa shi, ko da taron ba shi da izini, ko da wasu a ciki suna jifa. Idan akwai mutum guda da ke barazana ga rai, shi kaɗai ake nufa. Ƙa'ida ta 8 ta ce rikicin siyasa ko dokar ta-ɓaci ba sa zama uzurin kauce wa waɗannan sharuɗɗa, wasu ƙa'idojin kuma sun ce umarnin na gaba ba ya wanke wanda ya san umarnin haramtacce ne kuma yana da damar ƙin bi, kamar yadda shi ma mai ba da umarnin ba ya kuɓuta. Kafin harbi ana buƙatar jami'i ya bayyana kansa ya yi gargaɗi, sai fa idan gargaɗin zai jefa rai cikin haɗari. Bayan harbi kuma wajibi ne a nemo wa wanda aka harba magani nan take, a sanar da danginsa, a kai rahoto, wata hukuma mai zaman kanta ta bincika. Shi ma farar hula da ke kare kansa, a yawancin dokoki, kusan wannan ma'aunin ne a kansa: haɗarin ya zama na yanzu, martanin ya yi daidai da shi, kuma ya tsaya da zarar maharin ya juya baya, duk da cewa ƙasashe sun bambanta a kan ko wajibi ne ya fara neman hanyar kaucewa.

Idan ka haɗa rabin farko da na biyu, za ka ga dalilin da ya sa na ce tambayar guda ce. Jami'in da ya saita gwangwanin barkonon tsohuwa ko harsashin roba a kan fuskar mutum ya yi amfani da ƙarfi mai iya kisa, saboda haka da ma'aunin bindiga ya kamata a auna shi, a tambaye shi ran wa yake ceto. Fabiola Campillai tana kan hanyarta ta zuwa aikin dare a wajen birnin Santiyago na ƙasar Chile, a watan Nuwamban 2019, lokacin da gwangwanin hayaƙi ya same ta a fuska, ta rasa idanunta biyu da jin ƙamshi da ɗanɗano. A 2021 aka zaɓe ta sanata, a 2022 kuma kotu ta yanke wa kyaftin ɗin da ya harba gwangwanin ɗaurin fiye da shekara 12.